Ɗan Hakin da Ka Raina: Zaɓen Noti da Ƙusa a Ƙafar Mota

Gabatarwa

A shekarar 2011 wasu masana da ke aiki a birnin Karlsruhe na ƙasar Jamus suka ba da labarin wani abin al'ajabi a mujallar kimiyya mai suna Science. Sun haska wani ɗan ƙwaro na tsibirin Niyu Gini, wanda ake kira Trigonopterus oblongus, da wata na'ura mai ɗaukar hoton cikin jiki, sai suka tarar ashe gaɓar da ke gindin ƙafarsa ƙusa ce da noti. Ɓangare ɗaya yana da zare ta waje, ɗayan yana da zare ta ciki, suna murɗawa cikin juna. Girman gaɓar bai wuce rabin milimita ba. Shi wannan ƙwaro ɗan'uwa ne ga ƙwaron nan mai dogon baki da ke huda masara da dawa a rumbu.

Sai dai akwai bambanci tsakanin ƙusar ƙwaro da ta ɗan'adam. Ta ƙwaro an halicce ta ne domin ta riƙa juyawa, kuma tsoka ce ke sarrafa ta. Ƙusar da ke ƙafar mota kuwa so ake ta tsaya cak shekara da shekaru, alhali ana jijjiga ta dare da rana. Wannan maƙala za ta duba abin da ke riƙe noti, da abin da ke kwance shi, da kuma yadda ya kamata a zaɓi makullin da ya dace da kowace gaɓa ta ƙafar mota.

Abin da kanikawa ke kira ƙafa shi ne dukkan sassan da suka haɗa taya da jikin mota: sifirin, da shokozoba, da hannuwan ƙarfe masu riƙe taya, da boljoyin, da tayarod mai kai umarnin sitiyari ga taya. Boljoyin ƙwallon ƙarfe ne a cikin kwano, tamkar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a cikin ƙugu. Duk mai bin hanyoyinmu ya taɓa ganin mota ta durƙusa a tsakiyar titi, tayar gaba ta kwanta a ƙarƙashinta kamar karyayyar ƙafar akuya. Idan hakan ya faru ana tafiya sannu, asarar ta tsaya ga dukiya. Idan kuwa ya faru motar haya tana gudu cike da fasinjoji, sai abin da Allah Ya yi. Sau da yawa abin da ke tsakanin taya da wannan masifa noti ɗaya ne da girmansa bai kai goriya ba.

Me ke riƙe noti?

Galibin mutane sun ɗauka ƙusa mai zare tana aiki ne kamar ƙusar kafinta, wato ta tokare abu ya kasa motsi. Ba haka abin yake ba. Ƙusa mai zare sifirin ce mai tsananin tauri. Idan aka ɗaure noti, ƙusar tana miƙewa kaɗan kamar ɗanƙo, kuma ƙoƙarin da take yi na komawa tsawonta na asali shi ke matse ƙarafan da aka haɗa. Alal misali, ƙusa mai kaurin milimita 12, mai lamba 8.8 a kanta, idan an ɗaure ta yadda ya kamata, tana matsewa da ƙarfin da ya kusa nauyin tan 4. Wannan matsi shi ke hana ƙarafan zamewa a kan juna, shi ne kuma ke haifar da gogayyar da ke hana noti juyawa.

Abin lura a nan shi ne ƙanƙantar miƙewar. Idan tsawon abin da ƙusar ta matse milimita 50 ne, miƙewarta ba ta wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, wato kaurin takarda guda. Saboda haka idan akwai fenti mai kauri, ko tsatsa, ko yashi a ƙarƙashin noti, suka murƙushe bayan an yi 'yar tafiya, rabin matsin ko fiye na iya salwanta ba tare da notin ya juya ko kaɗan ba.

Har ila yau, ƙarfin da bakanike ke sawa a sufana ba duka ne ke tafiya wajen miƙe ƙusa ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 yana ƙarewa ne wajen yaƙi da gogayya, a ƙarƙashin noti da kuma cikin zare. Kashi 10 kacal ke zama matsi. Shi ya sa shafa mai ko giris a zaren da kamfani ya ce a ɗaure shi a bushe ke da haɗari: gogayya ta ragu, ƙarfin hannu bai canza ba, sai ƙusa ta miƙe fiye da kima. Tsatsa kuma akasin haka take yi. Bakanike zai ji noti ya yi tauri, ya ɗauka ya ɗauru, alhali tsatsa ce ta cinye ƙarfinsa.

Me ke kwance shi?

Shi zare hanya ce mai gangara wadda aka naɗe a jikin sanda. A ƙusa mai milimita 12 karkatar gangarar kimanin digiri 3 ce. Noti kullum yana son ya gangara, gogayya ce kawai ke riƙe da shi. An daɗe ana zaton jijjiga kowace iri ce ke kwance noti, sai a shekarar 1969 wani injiniya Bajamushe mai suna Gerhard Junker ya nuna ainihin abin da ke faruwa. Ya ƙera wata na'ura da ke girgiza ƙarafa biyu da aka ɗaure, ya gano cewa jijjigar da ke bin tsawon ƙusa ba ta cika kwance ta ba. Wadda ke yin ɓarna ita ce ta gicciye, wadda ke sa ƙarfe ɗaya ya zame a kan ɗan'uwansa hagu da dama.

Mata masu bakace sun san wannan sirri tun kafin Junker. Idan aka ɗan karkata faifai, tsaba tana zaune ba ta motsi. Da zarar an fara bubbuga gefensa, sai ta riƙa gangarowa kaɗan-kaɗan, ko da yake ba wajen gangaren ake bugun ba. Abin da ya riga ya fara zamewa ta wata fuska ba ya da sauran riƙo ta kowace fuska. Haka noti yake. Duk lokacin da ƙarafan suka zame, sai ya juya ɗan ƙiris. Matsi ya ragu, zamewa ta ƙara sauƙi, juyawa ta ƙara sauri. A kan na'urar Junker notin da ba shi da makulli yakan rasa matsinsa cikin 'yan daƙiƙoƙi. An mayar da wannan gwaji ƙa'ida a Jamus mai lamba DIN 65151, kuma da irinsa ake auna makullan noti.

Hanyar da ba kwalta, wadda ta yi gargada, na'urar Junker ce mai tsawon kilomitoci. Kowane tudu da kowane rami bugu ne na gicciye ga ƙusoshin shokozoba da na hannuwan taya. Amma darasin binciken a bayyane yake: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Muddin matsi ya isa ya hana zamewa, noti ba zai kwance ba. Ke nan ɗauri na ƙwarai shi ne makulli na farko, sauran duka mataimaka ne.

Lambar da ke kan ƙusa

Tun da matsi ne tushe, zaɓe yana farawa ne daga ƙarfin ƙusar kanta. A kan kowace ƙusa ta kirki akwai lamba: 4.6, ko 8.8, ko 10.9, ko 12.9. Lambar farko idan aka ninka ta sau 100 tana nuna jan da ƙarfen zai jure kafin ya tsinke. A ƙusa mai 8.8 wannan ya kama niyuton 800, kimanin kilo 80, a kan kowane murabba'in milimita. Lamba ta biyu tana nuna inda ƙarfen zai fara miƙewar da ba ta komawa, wato kashi 8 cikin 10 na wancan adadi. A ƙafar mota galibi 8.8 da 10.9 ake samu. Ƙusar da ba ta da lamba, ko mai 4.6, ta ƙofa ce da gado. Ba za ta iya ɗaukar matsin da ake bukata ba, kuma babu makullin da zai rufa mata asiri.

Noti ma yana da tasa lamba, 8 ko 10 ko 12, kuma wajibi ne ta kai ta ƙusar. Noti mai 8 a kan ƙusa mai 10.9 zarensa na iya zagwanyewa kafin a kai ga cikakken ɗauri. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauka mafi girman lamba ita ce mafi alheri. Ƙusa mai 12.9 ta fi tauri, amma ta fi saurin tsagewa farat ɗaya idan sinadarin haidirojin ya shige ta ta hanyar tsatsa ko rinin ƙarfe, kuma ƙasan mota wuri ne na ruwa da taɓo. Ita kuwa farar ƙusar nan da ba ta tsatsa, mai alamar A2-70, kyanta a ido yake. Tana fara miƙewa a niyuton 450, ƙasa da 640 na mai 8.8.

Sannan akwai tazarar zare. Ƙusa mai milimita 12 tana iya zuwa da tazarar 1.75, ko 1.5, ko 1.25, kuma masu ƙera motoci sun fi son ƙananan a ƙafa. Ido ba ya rabe su da sauƙi. A ranar 10 ga Yuni, 1990, gilashin gaban wani jirgin saman fasinja da ya tashi daga Birmingham ta Ingila ya fizge a sararin samaniya, iska ta ja matuƙin har rabin jikinsa ya fita waje, abokan aikinsa suka riƙe ƙafafunsa har aka sauka. Bincike ya nuna cewa 84 daga cikin ƙusoshi 90 da aka ɗaure gilashin da su sun gaza kauri da milimita 0.66, domin wanda ya sa su da ido ya gwada su. Kama da wane ba ta wane. Mai zuwa sayen ƙusa a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ya kamata ya tafi da tsohuwar a hannu, ya duba lamba, ya haɗa zare da zare, ya auna tsawo.

Ire-iren makullai

Na farko, kuma wanda aka fi yarda da shi ba bisa hujja ba, shi ne washa mai tsaga, wadda bakinta ɗaya ya ɗan ɗaga sama. Ana zaton tana tura noti kamar sifirin. Gaskiyar ita ce tun kafin ɗauri ya yi nisa ta riga ta baje ta zama washa kamar kowace. Littafin jagora kan ƙusoshi da hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta wallafa a 1990, wanda Richard Barrett ya rubuta, ya bayyana cewa da zarar ta baje ba ta da wani amfani na kullewa. Gwajin Junker ma haka ya nuna. Ba ta da gurbi a ƙarƙashin ƙusa mai 8.8 ko 10.9 a ƙafar mota.

Na biyu shi ne noti mai zoben nailan a bakinsa. Idan ƙusa ta ratsa zoben, nailan yana rungumar zaren ya riƙe shi ko da matsi ya ragu. Amfaninsa shi ne ba ya barin noti ya faɗi. Yana da sharuɗɗa uku. Dole zare biyu aƙalla su leƙo bayan zoben, in ba haka ba bai kama komai ba. Nailan yana yin laushi idan zafi ya haura kimanin digiri 120 a ma'aunin Salsiyos, alhali faifan birkin motar da ke saukowa doguwar gangara irin ta Hawan Kibo yana iya wuce digiri 300. Don haka ba a sa shi jikin birki ko kusa da salansa. Na uku, duk kwancewa tana rage riƙonsa. Wanda yatsu suka iya murɗawa har ƙarshe ya gama aiki. Ya dace da ƙusoshin shokozoba da na hannuwan taya inda kamfani ya sa shi tun asali.

Na uku shi ne noti na ƙarfe zalla wanda aka ɗan matse bakinsa a masana'anta har ramin ya daina zama da'ira sosai. Aikinsa irin na mai nailan ne, amma zafi ba ya damunsa. Aibinsa shi ne yana cin zaren ƙusa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake sauya shi duk lokacin da aka kwance.

Na huɗu shi ne noti mai tsage-tsage a kai, mai kama da zankayen soro, wanda ake zura wa fil mai ƙafa biyu ta cikin hudar ƙusa. Shi aka saba gani a boljoyin da kan tayarod na motoci da yawa. Sandar boljoyin tana da tsini kamar turmin da aka kifa, kuma aikin noti shi ne ya ja ta ta cushe a raminta. Fil ba ya ƙara matsi. Mai gadi ne na ƙarshe da ke hana noti ficewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a mayar da noti baya domin huda ta dace da tsaga. Lissafi kaɗan zai nuna illar haka. Tsagogin shida ne, tsakanin kowace da 'yar'uwarta digiri 60. A zare mai tazarar 1.5, wannan ya kama rubu'in milimita, wanda ya fi dukkan miƙewar ƙusar. Mayar da shi baya ko da rabin tsaga ne na iya zubar da matsin gaba ɗaya. Ƙa'ida ita ce a kai ga awon ɗauri, sannan a ƙara gaba har huda ta bayyana. Kuma fil sabo ake sawa, mai cika hudar, domin wanda aka lanƙwasa aka miƙe ya riga ya gaji. Ƙusar kafinta ko guntun waya ba sa maye gurbinsa.

Na biyar shi ne gam na zare. Wani farfesan kimiyyar sinadarai, Vernon Krieble, na Kwalejin Trinity da ke Hartford a Amurka, shi ya samar da shi a 1953, daga baya aka san shi da sunan Loctite. Ɗabi'arsa ta yi kama da ta ƙwayar cutar sandarewar jiki da ake ɗauka daga rauni mai zurfi, wadda ba ta bunƙasa sai inda babu iskar oksijin. Shi ma gam ɗin ruwa ne muddin iska na taɓa shi. Da ya shiga tsakanin zare, iska ta yanke, ya haɗu da ƙarfe, sai ya daskare ya cike duk wani gurbin da zamewa za ta samu. A bisa al'adar wannan kamfani, shuɗi ana iya kwance shi da sufana, ja kuwa sai an gasa shi zuwa kimanin digiri 250. Shuɗi ne ya fi dacewa da ƙusar da ke shiga jikin ƙarfe kai tsaye ba tare da noti ba. Yana bukatar zare mai tsabta, da kimanin awa 24 kafin ya gama ƙarfi.

Na shida su ne tagwayen washa masu haƙora, waɗanda kamfanin Nord-Lock na ƙasar Suwidin ya fara yi a 1982. Fuskokinsu na ciki suna da tudu-tudu waɗanda karkatarsu ta fi ta zare. Idan noti ya so juyawa baya, dole ya hau tudun, hawan kuwa ƙara matsi yake yi. Suna cin gwajin Junker sosai, amma suna da tsada, kuma ba sa aiki idan an ɗora su kan wata washa mai juyawa.

Akwai kuma noti biyu da ake ɗaure wa juna. Irin wannan dabara ce ke riƙe awon tayarod bayan an daidaita tayoyi. Ita kuwa walda da wasu ke ɗiga wa noti don kada ya kwance, ɓarna ce: zafinta yana warware taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, sai ƙusa mai 10.9 ta koma ba a san matsayinta ba.

Yadda za a zaɓa

Doka ta farko ita ce a mayar da irin abin da aka tarar daga masana'anta, domin masu ƙera motar sun gwada shi a kan hanya. Inda aka ciro noti mai nailan a sa sabon mai nailan. Inda aka ciro mai zanko a sa mai zanko da sabon fil. Boljoyin na motocin zamani da yawa ba shi da huda, da noti mai kulle kansa yake zuwa, kuma ba a huda shi. Wasu ƙusoshin kuma da gangan ake ɗaure su har su fara miƙewar da ba ta komawa, ta hanyar kai su wani awo sannan a ƙara wasu digirori. Irin waɗannan sau ɗaya ake amfani da su.

Idan ba a san asali ba, tambayoyi uku sun isa jagora. Shin wurin yana zafi? In haka ne, ƙarfe zalla. Shin akwai noti, ko ƙusar jikin ƙarfe take shiga? In babu noti, gam. Shin idan wannan noti ya fice taya ko sitiyari zai rabu da mota? In haka ne, ba a yarda da noti marar makulli ko tsoho ba.

Bayan zaɓe sai ɗauri. A kankare tsatsa da datti daga zare da mazaunin noti. A yi amfani da sufana mai awo, a bi adadin da ke littafin motar. Zura bututu a sufana a hau da ƙafa ba awo ba ne. Ƙusoshin da suka ratsa bushin roba ba a ƙarasa ɗaure su sai an sauke mota daga jak nauyinta ya hau tayoyi, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri, gaɓar ta fara wasa. Daga ƙarshe a ja layin fenti daga noti zuwa ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Bayan tafiyar farko, kallo ɗaya zai nuna ko layin ya rabu.

Kammalawa

Jikin mai rai yana gyara kansa. Jijiyar da ta saki tana iya ɗinkewa, kuma ciwo yana sanar da mai gaɓa tun kafin ta lalace. Ƙafar mota ba ta da wannan baiwa. Ƙarar ƙwas-ƙwas a kan gargada da rawar sitiyari su ne kawai kukanta, kuma wani lokaci ko su ba a samu. Ya rage ga mai mota ya tambayi bakanike wace lamba ce a kan ƙusar da ya sa, ya kuma biya kuɗin sabon noti da sabon fil ba tare da ciniki ba. Ya rage ga bakanike ya mallaki sufana mai awo, ya koya wa yaransa karanta kan ƙusa kamar yadda yake koya musu riƙon sufana. Kuɗin waɗannan abubuwa bai kai na litar mai kaɗan ba, amma su ke riƙe da tayar da ke ɗauke da rayukan mutane. Hausawa dai sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.